Baba da Ƙwarin Furen Wake

Babana dillalin shanu ne a karar Potiskum tun kafin a haife ni, kuma da idonsa ya ci abinci. Ranar Laraba idan kasuwa ta cika, yakan jingina da sandarsa daga nesa ya kalli tafiyar dabba, ya gaya wa mai saye ko wannan saniyar ta taɓa haihuwa, ko wancan bijimin ya sha tafiyar ƙasa kafin a loda shi a mota. Ba ya buɗe bakin dabba ya duba haƙori sai don hankalin mai saye ya kwanta. Da girma ya kama shi, yanar ido ta fara rufe masa gani sannu a hankali, har ya kai ba ya gane mai sallama sai ta murya. Ya daina zuwa kara. Gonarmu ta wake da kuɓewa da ke hanyar Danchuwa ya bar wa 'yan ƙodago, ya koma zaman tabarma a zaure da rediyo a gefensa.

A shekarar da nake ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin gona aka yi masa aiki, aka cire yanar. Na dawo hutu da damina na tarar da wani Baba daban. Duk abin da ya gani sai ya tsaya ya kalla. Ya gano tsagar bangon kicin wadda kowa a gidan ya daɗe da sabawa da ita. Ya gaya wa Innata cewa furfura ta fito mata a gefen kunne, ita kuma ta ce ai ta daɗe a wurin tana jiran ya gan ta. Ni ma da na durƙusa gaishe shi, ya riƙe fuskata ya juya ta hagu da dama, ya ce ashe haka na koma. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya faɗin sunana. Uwata yake kirana.

Ban dawo hutun hannu rabbana ba. Malamarmu ta ba ni aikin bincike a kan wasu ƙananan ƙwari da ke zama a furen wake da bayan ganye. A makaranta tirif muke ce musu. A gida ba su da suna, don da wuya ka samu wanda ya taɓa ganinsu da kyau. Sirara ne, mafi girmansu bai wuce ƙwayar riɗi ba. Manoma dai sun san aikinsu, domin su ne ke tsotse fure ya zube kafin ya zama wake. Amma a cikin danginsu akwai mafarauta, waɗanda ba su damu da fure ba, 'yan uwansu maɓarnata suke kamawa su ci. Aikina shi ne in tattaro waɗannan mafarautan, in rarrabe irinsu, sannan a kowane iri in ware mace da namiji.

Kayan aikina ba su da yawa. Na zo da ƙananan madubai biyu masu ƙara wa abu girma, kowanne da igiyar rataya a wuya, da 'yan kwalabe masu ruwan sifirit na adana ƙwari. Sauran a gida na samu. Inna ta ara mini farin farantinta na tangaran da sharaɗin kada ya kwarzane, na kuma tsinci gashin kaza a bayan akurki don ɗaukar ƙwaro ba tare da na murje shi ba.

Ranar farko ni kaɗai na je gona. Na tsinko furanni a leda, na dawo na zauna a tsakar gida, na karkaɗe su a kan farantin, na sunkuya da madubi. Ban ji zuwan Baba ba sai da inuwarsa ta rufe mini haske.

"Uwata, me kike tsinta a farantin da babu komai a kansa?"

"Baba, cike yake da dabbobi."

Ya yi dariya, ya tattara rigarsa ya zauna kusa da ni. Na nuna masa yadda ake riƙe madubin: a manna shi kusa da ido, sannan a sauke kai a hankali har abin ya fito. Da farko ya ce duhu kawai yake gani. Ya ƙara sunkuyawa, gemunsa ya kusa taɓa farantin. Ya daɗe a haka, har na fara tunanin ko idon ne ya dame shi.

"Subhanallahi," ya ce, bai ɗago ba. "Fiffike gare shi. Ga geza a jikin fiffiken kamar ta bakin darduma. Uwata, har ido gare shi, yana kallona."

Da ya ɗago, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir. Ya ce gobe da shi za a je. Inna daga kicin ta ce likita ya hana idon nan rana da iska. Baba ya ce likitan ya ba shi baƙin tabarau, malafa kuma tana rataye a zaure, wake kuwa nasa ne. Washegari bayan karin kumallo muka tari napep har bakin hanya, muka ƙarasa da ƙafa, shi a gaba da farantin Inna a hammata.

Waken ya yi kyau a shekarar. Ya yaɗu ya rufe kunyoyi, furanni farare da masu ruwan shuɗi sun buɗe, raɓa ba ta gama bushewa ba. Na nuna wa Baba yadda ake tara faranti a ƙarƙashin reshe a bubbuga shi da yatsa. Abin da ya fi zubowa su ne maɓarnatan, baƙaƙe masu sheƙi, suna tafiya a tare kamar ba su da wata damuwa. Mafarautan ba su da yawa, kuma kowanne shi kaɗai yake yawo. Ƙafafunsu sun fi tsawo, gudunsu ya fi sauri. Kafin rana ta ɗaga Baba ya fara gane su ba tare da madubi ba, daga tafiya kawai, yadda yake gane dabba a kara.

Iri uku muka riƙa samu, kuma Baba bai yarda da sunayensu na littafi ba, ya ce za su karya masa harshe. Shi ya raɗa musu nasa. Akwai baƙi mai fararen layuka a kwance bisa fiffike, ya ce wannan mai ɗamara ne. Akwai ɗan ƙarami mai ruwan ƙwai, da ɗigo uku a kowane fiffike, wanda muka fi samu a bayan ganyen kuɓewa, ya ce ɗan roɗi. Na ukun shi ne ya fi burge shi. Ƙugunsa a tsuke, gudunsa a karkace, duk wanda ya gan shi zai rantse tururuwa ce. Baba ya ce wannan ɗan kwaikwayo ne.

A wannan safiyar ya ga farauta da idonsa. Wata 'yar kwaikwayo ta zagayo a guje, ta ci karo da baƙin maɓarnaci, ta danne shi da ƙafafun gaba, ta kafa masa baki tana tsotsa. Baba yana durƙushe a kunya, hula ta karkace, yana ta faɗa wa 'yar kwaikwayon, "Riƙe shi! Kada ki sake shi!" har mai noma a gonar maƙwabta ya ɗago yana kallonmu. Da abin ya ƙare ya zauna a ƙasa yana goge ido, ya ce ashe gonar nan da masu tsaronta.

Da muka zo kan rarrabe mace da namiji, sai ya gyara zama, don a ganinsa an shigo fagensa. Na tara masu ɗamara guda biyu a gefen faranti, ɗaya ya fi ɗaya girma. Ya duba sau ɗaya ya nuna babban.

"Ga bijimin nan. Wancan ƙaramin karsana ce."

"Baba, babbar ita ce macen."

"Uwata, na tsufa a cikin dabbobi. Ina kika taɓa ganin saniya ta fi bijimi?"

Na ce ya bar girma tukuna, ya duba wutsiya. Ta macen tana tafiya tana tsukewa har ta ƙare da tsini kamar bakin tsinke, kuma a ƙarƙashinta akwai wani ɗan abu mai haƙora kamar zarto, da shi take tsaga ganye ta saka ƙwai a ciki. Namijin siriri ne, cikinsa bai kumbura ba, wutsiyarsa kuma a dunƙule take kamar kan yatsa. Na kifar da babbar da gashin kaza don ya ga zarton. Ya duba, ya sake dubawa, ya koma kan ƙaramin. Ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau.

"To, a wannan garken mata ne manya."

Da muka dawo gida shi da kansa ya ba Inna labari, tana tuƙa tuwo. Ta ce ita ba ta ga abin mamaki ba, ai ba sai an sa madubi ake gane wannan ba. Baba ya ce shi ya jawo wa kansa.

Daga nan kusan kullum muna gona da safe, mu dawo kafin rana ta yi zafi saboda idonsa. Hannunsa ya fi nawa natsuwa wajen ɗaukar ƙwaro da gashin kaza, ni kuma na fi shi saurin rufe kwalba. A wajen mai ɗamara da ɗan roɗi ba mu sha wuya ba. Mata sun fi yawa, amma mazan ma suna faɗowa jefi-jefi, kuma Baba ya kai ga yana faɗin "namiji" tun kafin in sunkuya, in duba in tarar haka ne. Wani lokacin yakan yi kuskure idan macen ƙarama ce, sai ya ce wutsiyar ce ta lanƙwashe ta yaudare shi, ya sake dubawa.

Ɗan kwaikwayo ne ya gagare mu. Duk wanda muka kama sai mu tarar mace ce: ƙugu a tsuke, wutsiya da tsini. Dama malamarmu ta gaya mini namijin wannan irin yana da wuyar samu, ɗalibai da yawa sun gama aikinsu ba su gan shi ba. Ta kwatanta mini shi, ni kuma na kwatanta wa Baba. Bai kai macen girma ba, ƙugunsa bai tsuke sosai ba, don haka bai cika kama da tururuwa ba. Idanunsa manya ne, sun kusa cinye kan gaba ɗaya. Sannan gashin nan biyu da ke gaban kai, waɗanda Baba ke kira ƙaho, nasa sun fi na macen tsawo. Na ce ko ba mu same shi ba aikina zai tafi. Baba ya ce garke ba ya cika sai da bijimi, kuma shi bai taɓa komawa gida ya ce wa mai saye babu ba.

A nan ne abokinsa ya shigo maganar. Bafulatani ne, tsohon mai fataucin shanu da ya daɗe da zama a cikin gari, mu yaran gidan Baffa muke kiransa. Baba kuwa Babarbare ne, don haka tsakaninsu babu gaisuwar da ba ta ƙarewa da tsokana. Hausar Baba a kasuwa ya koye ta, ta zauna masa daram, amma idan ransa ya yi daɗi ko ya ɓaci, sai "ya" da "ta" su cakuɗe masa, ya ce wa mace "ya tafi", ya ce wa namiji "ta zo". Baffa ya zo hira da yamma ya tarar da shi a zaure yana leƙen kwalba. Da ya ji abin da ake nema, ya yi dariya har ya kwanta a tabarma.

"Kai da har yau kake ce wa matarka 'ya dafa tuwo', kai ne za ka rarrabe mace da namijin ƙwaro?"

"Bafillace, kai ko raƙumi aka tsayar maka sai an gaya maka ina ne gaba," in ji Baba.

Baffa ya ce ranar da aka samu namijin nan a kira shi, ko yana ina, ya zo ya gani da idonsa. Baba ya ce ya riƙe maganarsa.

Bayan 'yan kwanaki muna gona, ina can ƙarshen kunya, na ji Baba ya ƙwala mini kira. Na taho da gudu ina tsallake yaɗon wake. Ya rufe wani abu da tafin hannu a kan faranti, yana haki.

"Na kama shi. Ƙaramin ne, ƙahonsa dogo. Duba."

Na duba. Ƙahon dogo ne, amma a lanƙwashe yake a tsakiya kamar gwiwar hannu, ga kuma muƙamuƙi a gaban baki, babu ko alamar fiffike.

"Baba, wannan tururuwa ce. Ta gaske."

Ya karɓi madubin ya duba da kyau. Na nuna masa cewa ƙahon ƙwarin namu a miƙe yake, gaɓa-gaɓa kamar carbi, ba ya karyewa a tsakiya. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Muka zauna a kunya muna dariya har hawaye, ya ce ɗan kwaikwayo ya kwaikwayi tururuwa har ya sa tururuwa ta zama abin zargi. Ya roƙe ni kada labarin ya kai kunnen Baffa. Bai kai ba ta bakina, amma shi da kansa ya kasa riƙewa, da yamma ya faɗa masa.

Wata rana kuma ya samu wasu marasa fiffike, jikinsu da jan zobe-zobe, suna gudu a bayan ganye. Ya ɗauka sabon iri ne. Na ce 'ya'yan ɗan kwaikwayo ne, su ma farauta suke yi tun suna ƙanana, kuma a wannan matakin ba a gane mace ko namiji. Ya ce maruƙa ke nan, ya mayar da su kan ganyensu a hankali. Ya ce tunda ga maruƙa, ubansu ba zai yi nisa ba. Na gaya masa a wasu irin ƙwarin nan mace takan haihu ko babu namiji. Ya ce wannan maganar kada in faɗe ta a gaban Inna.

Hutu ya fara ƙarewa. Furen wake ya ragu, 'ya'ya sun fara tsawo, kwalabena sun kusa cika. Na riga na sallama a raina. Sai wata safiya aka tashi da ruwa mai ƙarfi, hanyar gona ta caɓe, ba mu fita ba. Na zauna a ɗaki ina jera kwalabe a kwali. Inna tana rumfa tana haɗa shayi. Baba ya rasa abin yi. Da ruwan ya tsagaita rana ta leƙo, ya ɗauki faranti ya fita tsakar gida, ya tsaya a gindin bishiyar gwaibarmu, wadda ganyenta ya daɗe da yin wani tsatsa-tsatsa ba wanda ya kula. Ina jin ƙarar yatsansa yana bubbuga reshe. Sai ƙarar ta tsaya. Sai kuma murya:

"Uwata! Ta zo! Namijin ta zo!"

Na fito babu ko takalmi. Farantin ya jiƙe da ɗigon ruwa, ga ƙananan maɓarnatan gwaiba birjik, ga 'yan kwaikwayo mata suna kai da kawowa a tsakaninsu. A gefe ɗaya, inda yatsan Baba ke nunawa, wani siriri yana tsaye yana goge ƙaho da ƙafa. Na manna madubi a ido na sunkuya. Idanun na fara gani, manya, sun mamaye kan. Ƙahon dogo, a miƙe, gaɓa-gaɓa. Ƙugun bai tsuke ba. Ga fiffike da gezarsa.

"Wutsiyar fa?" in ji Baba a kunnena. "Duba wutsiyar. Ni na duba, amma ki duba."

A dunƙule take, babu tsini, babu zarto.

"Baba, shi ne."

Ban rufe baki ba ƙwaron ya gama goge-gogensa ya zuba a guje ya nufi bakin faranti. Gashin kazar yana ɗaki, kwalabe suna ɗaki. Baba ya karkata farantin, ƙwaron ya juya ya nufi ɗaya gefen. Muna ta ihu mu biyu, ba wanda ya san abin yi. Inna ce ta taso daga rumfa da ƙaramin kofin shayi na gilashi a hannunta, ta zubar da ɗan ruwan da ke ciki, ta kife shi a kan farantin, ƙwas. Muka leƙa. Yana ciki, yana zagaya bango.

"Mutum biyu da madubi biyu," ta ce, ta koma wajen shayinta.

Baba ya ajiye farantin a kan turmi kamar mai ajiye jariri. Ya ce kada a taɓa, kada a sa a kwalba, sai Baffa ya zo. Ya ɗauko wayarsa ya kira shi, ya ce ya bar duk abin da yake yi. Kafin ya iso muka ɗauki hoto, na manna madubin a idon wayata, Baba yana riƙe da farantin yana hana kansa numfashi. Hotuna da yawa sun fito dishi-dishi, amma a cikin guda biyu idanun sun fito sarai.

Baffa ya iso da laka har idon sawu, ya yi sallama, Inna ta shimfiɗa masa tabarma a rumfa. Baba bai bar shi ya zauna ba. Ya rataya masa madubi a wuya, ya koya masa yadda ake riƙewa, daidai yadda na koya masa a ranar farko, har da faɗan kada ya nisanta shi da ido. Ya fara sa shi ya kalli mace a cikin kwalba, ya nuna masa ƙugu da tsinin wutsiya. Sannan ya kai shi kan kofin.

Baffa ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe ya riƙe baya, ya ce, "Allah mai iko. Wannan duk ido ne." Ya sake sunkuyawa ya ƙara kallo. "Ƙarami, ga ƙaton ido, ga shi ya bar mata da aiki. Wannan danginku ne, Babarbare."

"Faɗi dai abin da ka gani," in ji Baba. "Mace ko namiji?"

"Namiji ne. Na yarda."

Baba ya juya wajen rumfa ya ce wa Inna ta shaida. Ta ce ta shaida, su zo su sha shayi kafin ya huce, kuma a dawo mata da kofinta.

Da aka zo sa shi a sifirit na ga Baba ya ɗan yi jim. Na ce idan ba ya so, hoton ma zai iya isa. Ya girgiza kai, ya ce dillali ba ya riƙe dabba, tasa ita ce ya nemo ya miƙa wa mai ita. Ya yi bismilla, ya ɗaga kofin kaɗan, ya ɗauke shi da gashin kaza da hannunsa, ya sa a kwalba, ni kuma na rufe. Sauran matan da ke kan faranti ya mayar da su kan gwaibar ɗaya bayan ɗaya. A 'yan kwanakin da suka rage mini ya sake ganin wani namijin a kan bishiyar, ya kira ni muka kalla, muka bar shi ya tafi.

Ranar da zan koma makaranta na naɗe kwalaben a tsumma na jera a kwali. Ta namijin Baba ya ce ba za ta shiga kwali ba, ya sa ni na saka ta a jakar hannu. Na bar masa madubi ɗaya. Ya raka ni tasha, ya gaya wa direba yarinyar nan tana ɗauke da kaya mai daraja, ya bi ramuka a hankali. Direban ya kalli 'yar jakata ya tada mota.

A makaranta malamarmu ta ɗora ƙwaron a ƙarƙashin babban madubin ɗakin bincike, ta daɗe tana juya shi. Ta ce namiji ne, kuma ko ƙafa ɗaya bai rasa ba, wanda ya ɗauke shi yana da hannu. Ta kira sauran ɗalibai suka yi layi suna leƙawa. Na fita waje na kira Baba na gaya masa. Ya sa na maimaita maganar hannun, sannan ya ce in sake faɗa da ƙarfi Inna ta ji.

Na tambaye shi ido, ya ce lafiya lau. Ya ce ya gama duba gwaibar maƙwabtanmu ta dama, tana da 'yan kwaikwayo amma duk mata, ta hagun kuma babu ko ɗaya, ya gaya wa mai gidan ya daina wanke bishiyar da maganin feshi haka kawai. Labari ya zagaya unguwa, yanzu mutane suna aiko masa da ganye a leda. Wani malamin makaranta daga Mamudo ma ya ce zai zo ya ɗauke shi ya duba masa mangwaro. Muna cikin magana na ji sallama daga nesa a wayar.

"Uwata, sai anjima," ya ce. "Ga wani nan a ƙofa da reshen lemo."